Ruwan da Baffa Ya Ƙi Sha a Misira

Mutum na farko da ya yi mana Hausa a Alƙahira shi ya fara cutarmu. Muna fitowa daga filin jirgi, ni da jaka a kafaɗa, surukina a bayana riƙe da sandarsa ta kiwo, sai muka ji an ce, "Sannunku da zuwa, 'yan gida!" Wallahi har ƙwalla ta kawo mini don daɗi. Wani ɗan gajere ne mai farar jallabiya da carbi mai ƙyalli. Ya ce sunansa Ɗanliti, kuma ba shi da aikin da ya wuce taimakon marasa lafiya 'yan ƙasarmu saboda Allah. Kafin in buɗe baki ya riga ya karɓe jakar.

Ni sunana Lawali, Bagobiri ne daga Sabon Birni. Sana'ata ɗaukar kaya a babur tsakanin kasuwanninmu da Maraɗi. Surukina Bafulatani ne, rugarsu na bayan Burkusuma, dab da iyaka, kuma 'yarsa Dije nake aure. Sunansa ba zai fito daga bakina ba ko a rubuce, Baffa nake ce masa. A shekarun nan ne na fari, tun kafin 'yan bindiga su lalata daji, lokacin da gero ke ƙonewa bai yi kai ba, damina bayan damina. 'Ya'yansa maza duk sun kora shanu kudu neman ciyawa. Shi ya sa babu mai raka shi sai ni, da na saba da iyaka da takardu.

Abin da ya fi ba ni haushi, Baffa ba ya jin ciwon komai. Shawara ce ta taɓa kwantar da shi, aka gano tsohon ciwon hanta a jininsa, likita a Sakkwato ya riƙa duba shi da na'urar nan da ake gogawa a ciki. Wata rana ya ga ɗan ƙullutu a hantar, bai wuce ƙwayar gujiya ba. Ya ce na'urarsa ba za ta iya faɗin ko sankara ce ko tabo ne kawai ba. Akwai wani hoto da ake ɗauka bayan an zuba wani ruwa a jijiya, shi ke raba gardama. In ita ce, tun tana ƙarama ana iya ƙone ta da allura ba sai an yanka mutum ba, amma su ba su da kayan aikin. Ya ce mu nemi Misira, kuma kada mu yi sanya, don abin ba jiranmu zai yi ba. Baffa ya sayar da shanun da suka rage a ruga, waɗanda ko da ma yunwa ta kusa gamawa da su, muka kama hanya.

Zangonmu na farko ɗakin da Ɗanliti ya kama mana ne, can ƙololuwar wani tsohon bene da sai mutum ya huta a hanya kafin ya kai. Gado ɗaya ne, na bar wa Baffa, ni na shimfiɗa darduma a ƙasa. A bakin taga akwai wani kasko da bushasshiyar na'ana'a a ciki, ta mai gidan ce, wata tsohuwa da ke zaune a ƙasa. Makewayi kuwa a cikin ɗakin yake, da 'yar ƙofar roba wadda ba ta kai ƙasa ba. Har murna na yi da shi, na ce a raina tsoho ya huta da hawa da sauka.

Washegari Ɗanliti ya kai mu wani ɗan asibiti a lungu. Aka sa Baffa a na'ura aka fito da shi, ko allura ba a yi masa ba. Na ce ina ruwan da likitan Sakkwato ya ce za a zuba a jijiya? Ɗanliti ya yi dariya ya dafa kafaɗata.

"Haba Alhaji, wannan ai tsohon yayi ne. Nan Misira ce."

Wani mai farar riga ya ɗaga hoton ya duba, ya ce babu komai, ya yi mana barka, ya haɗa mu da kwalaben magani cike da leda. Baffa ya shafa addu'a ya ce, "Alhamdu lillahi. Sai mu koma gida, yaro." Ni dai raina bai kwanta ba. Na kira Ɗanliti da yamma in ƙara tambaya, waya a kashe. Daga ranar ban sake sa shi a ido ba, kuma duk wanda na tambaya sai ya ce wane Ɗanliti, mai jallabiya ko mai kwat.

Na yi kwanaki ina yawo da hoton nan a hammata, ban san ƙofar da zan ƙwanƙwasa ba. Larabcina na sallah ne, ba na tasi ba. Direba ya ɗauke ka ya zaga da kai gari ya sauke ka inda ka hau, kuma ya miƙo hannu. Ranar Juma'a na fito masallaci ina masifa ni kaɗai da ƙarfi, ina tsine wa Ɗanliti, sai wani saurayi ya tsaya a gabana yana kallon zanen fuskata.

"Kai, Bagobiri! Wa ya kwance ka har ka iso Misira?"

Na dube shi, na ga Bayarabe ne sak. Duk baƙin cikin da nake ciki sai da na yi dariya, don tsakaninmu da Yarbawa akwai wasa tun kakanni.

"Bawana," na ce, "nemanka ni kai tun da niz zaka. Karɓi kayan ubangidanka."

Ya karɓi hoton kuwa. Sunansa Wasi'u, a Gusau ya tashi, karatun likita yake yi a can. Ya ɗaga hoton ya duba, ya yi tsaki, ya ce an ci kuɗinmu a banza, wannan hoton ba zai nuna abin da muka zo nema ba. Shi ya kai mu babban asibiti, shi ya tsaya mana a layi, shi ya zama bakinmu da kunnenmu, kuma ko shayi bai taɓa yarda na saya masa ba.

Likitan hanta wani dattijo ne mai sanƙo, ba ya son a katse shi. Yana magana Wasi'u na mayar mana da ita Hausa. Ya ce ta hanya biyu hanta ke samun jini. Akwai babbar jijiya da ke tahowa daga hanji a hankali, ita ke shayar da yawancin hantar. Akwai kuma ƙarama mai bugawa, wadda jininta ke zuwa da ƙarfi daga zuciya. Ƙullutun da ba na cuta ba yana sha ne inda sauran hanta ke sha. In ya fara rikiɗa zuwa sankara sai ya riƙa sakin babbar jijiyar, ya tsiro da wasu 'yan jijiyoyi nasa na kansa, karkatattu, daga mai bugawar. Shi ya sa ake zuba ruwan nan a jijiya a ɗauki hoto bi da bi. Mugun ƙullutu shi ke fara haskawa tun ruwan bai isa sauran hanta ba, kuma lokacin da sauran ta haska shi ya riga ya dushe. Ya ce wannan canjin na jijiyoyi yana bayyana tun mutum bai ji ciwon komai ba.

Ina ta ƙoƙarin haɗa zancen a kaina, sai na ji Baffa ya yi gyaran murya.

"Awa mai lambun da ka fasa hanyar ruwan jama'a shi karkato ta wurin nashi," ya ce. "Nashi shi yi kore, na mutane na jira. Ashe ɓarawon ruwa na."

Wasi'u ya fassara, likitan ya buga tebur ya ce haka ne. Sai dai akwai sharaɗi. Ruwan hoton ta ƙoda yake fita, don haka sai an gwada ƙodar tukuna. Aka ɗebi jini, sakamako ya fito, likita ya ɓata fuska. Ya ce ƙodar ta gaji, in aka zuba ruwan a haka za ta iya tsayawa. Jikin ya bushe ne da wahalar tafiya, Baffa ya je ya sha ruwa sosai, mu dawo mako mai zuwa.

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Mu da muka baro ƙasar da ake kwana a bakin rijiya, a ce magani shan ruwa? Na sayo robobin ruwa na jera a gindin gado. Na san al'ada, ba yau na fara zama da Fulani ba: suruki ba ya ci ba ya sha a gaban mijin 'yarsa. Don haka in na ajiye masa gurasa da wake da robar ruwa sai in fita in zauna a matattakala, in ba shi lokaci, in yi sallama in dawo. Kullum zan tarar robar ta yi ƙasa. Ina ta yaba wa kaina, ina cewa samun suruki mai hankali irina sai an tona.

Muka koma, aka sake gwaji. Ƙodar ta fi da lalacewa. Likita ya juyo kaina da faɗa, ba sai an fassara mini ba. Na rantse da Allah mutumin nan yana shan ruwa, da hannuna nake zubar da robobin. Ya ce to in haka ne akwai wata cuta a ƙodar, ya tura mu wurin likitan ƙoda. Shi kuma layinsa sai mutum ya yi makonni kafin ya gan shi.

A wannan zangon ne na tsani Alƙahira. Na tsani gurasarsu da wakensu na safe da rana da dare, ina mafarkin fura da nono. Na tsani hon ɗin motoci da ba ya tsayawa, da benen nan da ke cinye mini gwiwa. Daga gida kuma babu labari mai daɗi. An yi binne, an zuba iri a busasshiyar ƙasa ana jiran sama, sama ta yi shiru. Rijiyoyin Gangara sun ƙafe, mutanen Kamarawa na tona yashin gulbi. Babur ɗina na jingine a zaure, yarana na cin abin da 'yan'uwa suka sammusu. Har wani ya aiko mini da cewa ana faɗi a kasuwa wai na kai tsoho yawon buɗe ido da kuɗin shanunsa, tun da kowa ya ga da ƙafarsa ya tafi. Kowace safiya in na farka abin da ke fara zuwa mini shi ne ƙwayar gujiyar nan, tana can tana tsiro da jijiyoyinta, mu muna zaune muna jiran layi.

Wata rana na kai Baffa bakin kogin Nilu ko ransa ya yi sanyi. Ya jingina da sandarsa ya daɗe yana kallo.

"Wanga ruwa duka, babu mai shi?"

"Na Allah na, Baffa."

"Ko saniya guda ban gani ba." Ya girgiza kai. "Wanga wuri da anka ba mu shi wata guda, da Jalle ba ta mutu ba."

Jalle saniyarsa ce da ta faɗi a hanyar rijiya kafin mu taho. Na dube shi da kyau a hasken rana, gabana ya faɗi. Leɓɓansa sun tsattsage, idanunsa sun faɗa, fatar hannunsa ta yi yaushi. Na ce ko akwai inda ke masa ciwo. Ya ce lafiya lau yake, kamar yadda zai ce ko da wuta ce ke cin rigarsa.

Sai na ƙara tsananta tsaro. Da ma ya taɓa ɓacewa a hanyar masallaci, don haka na daina barinsa ko taki ɗaya. In ya shiga wurin alwala ina tsaye a ƙofa riƙe da takalmansa. Na daina zuwa kasuwa, na roƙi Wasi'u ya riƙa kawo mana gurasa. Dare da rana ina kan dardumata a gindin gadonsa, ban da 'yan mintocin cin abinci. Duk wannan lokaci abu ɗaya ne ke ci gaba a ɗakin nan, na'ana'ar bakin taga. Ta yi kore shar, ta cika kasko, har tsohuwa mai gida ta hau ta gani ta yi ta sa mana albarka, ta aiko mana da shinkafa.

Da muka samu ganin likitan ƙoda, ya duba ya sake dubawa ya ce babu wata cuta, mutumin nan a bushe yake kawai kamar wanda ya keto hamada. Aka yi masa ƙarin ruwa, gwaji ya ɗan yi kyau, aka ba mu ranar hoto. Kafin ranar ta zo ya sake bushewa, aka sake ɗagawa. Na fito asibitin nan ina jin kamar in kwanta a titi in yi ta ihu.

Da safe na ajiye masa abinci da ruwa na fita kamar kullum. Na zauna ke nan na tuna na bar wayata, na tura ƙofa ban yi sallama ba. Baffa na tsaye a bakin taga, yana tsiyaya ruwan robar a kaskon na'ana'a a hankali, kada ko ɗigo ya zuba a ƙasa.

Tun da na auri Dije ban taɓa ɗaga murya a gabansa ba. Ranar na ɗaga.

"Baffa! Mi niy yi maka? Shanunka sun tahi, ɗiyana na can da yunwa, mutane na zagina kasuwa, ni ina nan ina rantsuwa gaban likita kana shan ruwa, ashe hakin kasko ka kai ma? In mutuwa ka ka so, mi ad dalilin da munka zaka har nan?"

Bai juyo ba. Ya gama tsiyaye ruwan, ya rufe robar.

"Ita ma tana jin ƙishirwa," ya ce. Can kuma ya ƙara, "Kai ni gida, yaro."

Na ɗauki wayata na fita na bugo ƙofar. Ranar kasuwar Burkusuma ce, ranar da Dije, wadda ta koma wurin iyayenta tun tahowarmu, ke hawa wani tudu a bayan ruga inda waya ke kama layin Nijar. Na kira ta ina huci. Na zazzage mata komai, na ce ubanta ya gaji da duniya, ya mayar da ni mahaukaci a ƙasar mutane, gobe zan nemi jirgi. Ta bar ni na gama. Ina jin iska na kaɗawa a wayar.

"Malam," ta ce, "ɗakin nan naku, ina makewayi nai yake?"

"Mi ag gamin makewayi da zancen ga? Cikin ɗaki yake mana, nan kusa ga shimfiɗata."



"Inna lillahi. Kuma kai kana kwance nan kana ji?"

"Ina za ni? Ba tsaronai ni kai ba?"

"Malam, Baffa ko ɗiyanai maza ba su san wajen da yaka kewayawa ba. Tun da asuba yaka ɗaukar buta shi yi nisa har ruga ta ɓace mai. Kai ko surukinai. Ba ruwan yaƙ ƙi ba. Abin da ruwa ka zama yaƙ ƙi, kai kana saurare."

Na zauna a matattakalar nan. Na tuno ƙofar roba da ba ta kai ƙasa ba. Na tuno ni tsaye a ƙofar wurin alwala da takalmansa a hannu. Ashe 'yan fitar da nake yi kasuwa a farko su ne kaɗai sararin da yake samu, na zo na toshe su da kaina. Tsoho ya zaɓi ƙishirwa a bakin kogin da ya fi kowane kogi, don kada mijin 'yarsa ya ji ƙarar bawalinsa. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan ɗora wa. Na ji haushinsa, na ji haushin Ɗanliti da ya zaɓi ɗakin, na ji haushin maginin da ya ga ya dace a haɗa wurin kwana da makewayi, na ji haushin likitoci biyu da suka auna komai ba wanda ya tambayi yadda muke kwana.

Kuma ba zancen da za a yi da shi ba ne. Da na buɗe baki na ce Baffa na gane, da a ranar zai kama hanyar gida ko da ƙafa. Sai na koma ciki na durƙusa na ba shi haƙuri a kan ɗaga murya, na shirya masa ƙarya. Na ce ɗaliban su Wasi'u na neman mai yi musu girki, za su ba ni wurin kwana, ba zan riƙa zuwa ba sai bayan Azahar da bayan Magariba.

"To, madalla," ya ce. Abin da ya faɗa ke nan, amma na ga kafaɗunsa sun sauka.

Wasi'u ya shimfiɗa mini tabarma a ɗakinsu yana dariya, wai bawa ya dawo gidan ubangijinsa. Da na ba shi labari dariyar ta tsaya. Kullum in zan hau wurin Baffa tun daga tsakiyar bene nake fara tari da jan takalmi, in tsaya a ƙofa in yi sallama sau biyu. Cikin 'yan kwanaki leɓɓansa suka warke, muryarsa ta dawo, har ya fara yi mini ƙorafin wake. Na'ana'a kuwa ta fara yaushi. Ni da na fito ƙasar fari, ban taɓa murnar ganin shuka na bushewa ba sai a wannan taga.

Gwajin ƙoda ya yi kyau. Aka sa masa allura a hannu, aka tura shi cikin na'ura, Wasi'u na faɗa masa ya riƙe numfashi, ya saki, ya sake riƙewa. Likita mai sanƙo ya jera mana hotunan. A na farko hantar duk toka-toka ce, sai wuri ɗaya da ya yi fari fat. A na baya hantar ta haska, wurin nan ya koma duhu. Ko ni na gane.

"Ga ɓarawon nan," in ji Baffa.

Sankara ce. Kuma ba ƙwayar gujiya ba ce yanzu, ta kai ɗan goro, gefenta ɗaya ya jingina da wata babbar jijiya. Likita ya ce har yanzu ana iya ƙonewa. Sai dai jinin da ke gudu a babbar jijiyar yana kwashe zafin allura, gefen nan zai iya tsira, in ya tsira wata rana zai dawo.

Na ce wa Wasi'u ya tambaye shi, da an yi hoton nan tun zuwanmu fa? Wasi'u ya ce in bar zancen. Na ce sai ya tambaya. Likita ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba zai rantse ba, ƙarami dai ya fi sauƙin ƙonewa, sauran sani na wurin Allah. Da ya ce mini e, da na san abin da zan yi kuka a kai. Da ya ce a'a, da na huta. Wannan amsar tasa har yau ba ta bar ni na huta ba.

Aka ƙone ta. Baffa ya kwana biyu a asibiti ya tashi, muka yi sallama da Wasi'u, ya ce in na isa in gaishe da sauran bayinsa na Gobir. A gida mun tarar an yi ruwa a makare, binnen da ya tsira bai kai a ci har rani ba. Samarin suka dawo daga kudu da abin da ya rage, Baffa ya koma bin maruƙa da sandarsa. Tsakanina da shi komai ya koma yadda yake. In na je ruga daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, in an kawo masa fura in tashi in ba shi wuri. Zancen ɗakin nan bai taɓa haɗa mu ba ko sau ɗaya.

Ya ƙara ganin damina, ya ga wata daminar, har ya ga shanunsa sun fara cikowa. Sannan likitan Sakkwato ya sake ganin abu a daidai wurin. Na ce mu koma, ko babur ɗina ne a sayar. Baffa ya ce ya ga Misira, ta ishe shi.

Ranar ƙarshe da na gan shi bazara ce, rana tsaka, zafi kamar zai tsaga ƙasa. Samari sun tafi shayar da shanu, mata na can wurin daka, ni kaɗai ne a bakin bukkarsa. Ya rame har ba ya iya juyawa. Na ji ya ce, "Ruwa."

Na ɗebo a randa na ajiye ƙwaryar kusa da hannunsa, na miƙe zan fita kamar kullum. Na ga hannun ya motsa, ya kasa ɗagawa. Na ce bari in kira Dije.

"Zamna," ya ce.

Na durƙusa, na tallafo kansa, na kai ƙwaryar bakinsa. Sai na juya fuskata wajen zana, na kafa ido a kan wata tsinkakkiyar igiya. Ya sha, ya huta, ya ƙara sha, har na ji ƙwaryar ta yi sauƙi a hannuna. Na kwantar da kansa ban juyo ba.

"Yaro, ka ga wani abu?"

"Ban ga komi ba, Baffa."

"Madalla," ya ce. "Allah shi yi ma albarka."